Ɗan Abuja a Gindin Dutsen Uhudu

Akwai wani injiniya mai suna Mahmudu, mazaunin unguwar Uhudu a Madina. Tun kafin in yi nisa, kada wani ya biyo ni ta saƙo ya ce da shi nake, kamar yadda kuka saba yi mini. Ni labari nake bayarwa, kuma kun sani duk dandalin nan babu wanda ya kama ƙafata.

Matarsa Zinariya ce ta samu aiki a wani kantin magani a Madina, shi kuma ya biyo ta. Takardar zamansa, wato iƙama, a ƙarƙashin tata take. Abin nan ya tsaya masa a rai. Mutumin da ko a waya sai ya ce "Injiniya Mahmudu ke magana", a ce mace ce ta kawo shi?

Ana nan sai ya samu aikin zanen gine-gine da wani kamfani a Abuja. Daga gida ake yi ta kwamfuta, amma da sharaɗi guda: dole ma'aikaci ya zama mazaunin Abuja, don in an neme shi a wurin gini ya je.

Mai kamfanin, Hajiya Safiyyatu, ta tambaye shi, "A wace unguwa kake?"

Ko ido bai ƙifta ba ya ce, "Gwarimpa, Hajiya."

Daga ranar nan kwanciyar hankali ta yi sallama da shi. Ya sayo labule mai kauri ya toshe taga. Ya rataya agogo na biyu mai lokacin Abuja, tunda Madina ta riga ta da awa biyu. Kullum da safe sai ya bincika ko an yi ruwa a can, don ya samu abin ƙorafi. Wani lokaci ana tsakiyar taro ta bidiyo sai ya miƙa ƙafa ya kashe fitila, ya ja tsaki: "Kai, sun sake ɗauke wuta!" A garin da wuta ba ta ko ƙiftawa.

Da ya ji ladan ya gyara murya, sai ya yi wuf ya kashe sautinsa. In aka ce ya leƙa wurin gini kuwa, sai a ji an yi masa rasuwa. Kawunnan da Mahmudu ya kashe da baki, da za su taru sai sun cika sahu.

Wanda yake zuwa a madadinsa wani abokin aiki ne, Rabo, mutum mai sanyin hali. Ko godiya ba ya samu. Sai ma Mahmudu ya ce masa a gaban kowa, "Rabo, kai dai ka iya shan rana. Zane ka bar wa masu ƙwaƙwalwa."

Zinariya ta gaji da ganinsa yana safa da marwa tsakanin agogo da taga.

Ta kira shi da alkunyarsa: "Abu Zahra, ya isa haka mana! Ka faɗa wa matar nan gaskiya. Mutane suna sayar da gona don su taka garin nan, kai kana cikinsa kana ɓoyewa kamar ka yi sata."

"Ke magani kika sani," in ji shi, "ba ki san siyasar ofis ba."

Sai ga azumi ya kama. Hajiya ta kira taro don ta sanar da wanda zai jagoranci wani babban aikin rukunin gidaje. Mahmudu ya riga ya ba kansa, har ya fara gwada yadda zai yi godiya. Aka sa taron bayan la'asar ta Abuja, wanda ya faɗa daidai magaribar Madina.

Ya shirya tsaf. Ya rufe taga, ya cusa tawul a ƙasan ƙofa, ya kafa hula. Zinariya za ta fita Harami shan ruwa, sai ta ajiye masa dabino da kofin zamzam a gefen kwamfuta, inda kyamara ba ta kaiwa.

Hajiya na cikin bayani ladan ya ɗaga murya. Mahmudu ya kashe sauti da sauri, har ya yi ɗan murmushin wanda ya fi kowa wayo.

To, ya tsare kunnen mutane, ya manta suna da ido.

Hannun da ya saba tun yarinta bai nemi izininsa ba. Ya ɗauko dabino, leɓɓansa suka motsa da addu'a, ya jefa a baki. Ya kora da zamzam, har da lumshe ido.

Da ya buɗe ido sai ya ga fuskoki sun daskare. Ga Rabo a wurin gini, rana tsaye a bayansa, leɓe duk a bushe.

"Injiniya," in ji Hajiya a hankali, "kunna sautinka. Dabino na gani?"

Mahmudu ya kunna. Ya dubi agogon Abuja, ya dubi na Madina, babu wanda ya taimake shi.

Rabo ne ya yi saurin cewa, "Hajiya, ƙila olsa ce ta taso masa. A yi masa uzuri."

Kun ji fa. Wanda ake wa gorin shan rana, shi ya buɗe masa ƙofar gudu. Kalma ɗaya ta rage, ya ce "haka ne", aikin ya zama nasa.

Ya buɗe baki. Ƙwallon dabinon yana nan a kan harshensa, masallacin unguwa ya tayar da iƙamar sallah. Ya wuni da ƙishirwa a garin Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, yanzu kuma ya rantse bai yi azumin ba? Ƙaryar wuta ta wuce, ta kawunnai ta wuce, wannan ta ƙi wucewa.

Ya miƙe ya yaye labule, ya juya kwamfutar. Ga Dutsen Uhudu, jan magariba ya kwanta a kansa, fitilun unguwa sun kama.

"Hajiya, ban karya azumi ba. A Madina nake. Tun ranar farko."

Can wani ya yi salati a hankali.

"Mahmudu," in ji Hajiya, "da rana ka sha ruwa, da tsakaninka ne da Ubangijinka, ba zan sa baki ba. Amma kawunnan nan da na yi ta yi maka ta'aziyyarsu fa?"

"Suna nan da ransu, Hajiya."

"Alhamdu lillahi. Ka gaishe su. Da ka faɗa mini tun farko, da mun san yadda muka tsara. Yanzu kuwa ba zan damƙa gidajen mutane a hannun wanda ban san inda yake tsaye ba. Rabo, aikin naka ne. In kana son Mahmudu a ƙarƙashinka, ya zauna. In ba ka so, shi ke nan."

Mahmudu ya sunkuyar da kai, yana jiran a rama.

Rabo ya yi dariya. "Ina so, Hajiya, ya iya zane. Ni zan ci gaba da shan ranata. Sai dai, Injiniya, tunda kana kusa, ka riƙa isar mini da gaisuwa wurin Manzon Allah."

Da Zinariya ta dawo ta tarar da taga a buɗe, agogon Abuja a kife kan tebur, maigida zaune wuri ɗaya, abin da ta daɗe ba ta gani ba.

"A'a, Abu Zahra! Yaushe ka sauka daga Abuja?"

"Ɗazu da magariba."

"Sannu da hanya. In sun tambaye ka iƙama, ka ce tana cikin jakata."

Darasi: Wanda ya ji kunyar inda Allah ya ajiye shi, zai ƙare yana gadin ƙarya dare da rana, kuma ɗan abin da ya saba yi da gaskiya shi zai tona shi. Ka faɗi inda kake, kada kuma ka raina mai shan rana dominka, wataƙila a inuwarsa za ka fake. Ku tura wa 'yan'uwa, don Allah. Na san halinku, sai ku karanta ku yi dariya ku wuce, ku bar ni da ciwon yatsa.