Kitsen da Jatau Ya Yanke

An yi wani mutum a wani gari, tun zamanin kakanninmu, sunansa Jatau. Bawan Allah ne mai dafa nama a bakin kasuwa, ba shi da komai sai tukunya biyu da wuƙa da ludayi. Masu hali sukan sayi namansu su kawo masa, shi kuma ya dafa ya miƙa musu.

Cikin masu kawo masa nama akwai Alhaji Barmo, dillalin shanu. Shi Alhaji, in ba tozo ba, bai ci nama ba. Sai ya ga maiƙo na yawo a kan romo sannan yake yin bisimilla. To, na ga wasunku sun fara haɗiyar yawu. Ku saurara dai.

Ran nan sai ga Hajiya Tabawa, matar Alhaji, ta tsaya a bayan rumfar Jatau. Ta ce, "Malam Jatau, amana na kawo maka. Maigida ya yanke jiki ya faɗi a gida sau biyu. Mai magani ya ce in bai bar kitse ba, na ukun ba lalle ya tashi ba. Shi kuwa ya rantse duk wanda ya fitar da maganar ciwonsa waje, sai ya bar masa gida. Don Allah ka rage masa, kada kuma ka ce na zo."

Jatau ya ce, "Na karɓa, Hajiya. Allah ya ba shi lafiya."

Daga ranar, in an kawo naman Alhaji, sai Jatau ya zauna ya bi shi da wuƙa ya yanke kitsen tas. Ya tafasa tsokar, ya sauke ta huce, maiƙon da ya taso ya kwashe da ludayi. Sannan ya mayar kan wuta da daddawa da citta da tafarnuwa da masoro, har ƙamshi ya rufe gurbin mai. Kitsen kuwa ya ƙunshe a ganye, in ya tashi kasuwa ya biya ta ƙofar gidan Alhaji ya aika wa Hajiya. Kullum haka, kullum haka.

Alhaji ya ci sati ɗaya, ya ci na biyu. A na uku ya leƙa akushi ya ce, "Kai Jatau, saniyar nan azumi ta yi? Ina tozona?"

Jatau ya ce, "Alhaji, ka ci haka, ya fi maka."

"Ya fi mini, ko ya fi maka?"

Kasuwa ta kwashe da dariya. Kafin la'asar an raɗa masa suna Jatau Ci-kitse. Kun san bakin kasuwa. Masu kawo nama suka janye ɗaya bayan ɗaya, har tukunya guda ta koma a kife. Wallahi abin ya yi masa ciwo, don mutumin da bai taɓa ɗanɗana romon wani ba sai da izini, yau shi ake nunawa da baki. Kalma ɗaya za ta wanke shi. Amma kalmar nan za ta iya fitar da Hajiya daga ɗakinta, don haka ya haɗiye ta.

Alhaji bai tsaya nan ba, ya kai ƙara gaban Sarkin Pawa, shugaban mahauta. Aka tara jama'a. Sarkin Pawa ya ce, "Jatau, kana yanke kitse?"

"Ina yankewa, ranka ya daɗe."

"Ina kake kai shi?"

"Ban ci ba, ban sayar ba. Iyakar abin da zan iya faɗa ke nan."

Ana shirin korarsa daga kasuwa, labari ya kai wa Hajiya Tabawa. Ta yafa mayafi, ta ɗauko wata tukunya da kanta, ta dire a gaban mijinta. Ta ce, "Alhaji, ga kayanka. Kullum Jatau ya aiko sai in narkar in zuba nan. Ni na sa shi. In korar ce, ni za a kora."

Alhaji ya buɗe. Kitse ne fari fat, ya daskare har baki. Ya danna yatsa, yatsa ya ƙi shiga. Sarkin Pawa ya ce, "Alhaji, wannan fa da a cikinka yake."

Alhaji ya rufe tukunyar. Da ya ɗago ya ce, "Jatau, me ya hana ka magana?"

Jatau ya ce, "Amana biyu aka ba ni. Kitse naka ne, na mayar gidanka. Magana ta Hajiya ce, ba tawa ba ce balle in bayar."

Alhaji ya roƙi gafara a gaban kowa, bai kuma kori matarsa ba. Ya rayu har ya ga auren jikokinsa. Amma sunan nan bai goge ba. Har Jatau ya koma ga Allah, Ci-kitse ake kiransa.

To jama'a, mai ƙaunarka ba lalle ne ya cika maka kwano da maiƙo ba, wani lokaci shi ne mai kwashe shi. Kai da za ka koma gida ka tarar an rage maka mai a miya, kafin ka ɗaga murya ka ce an yi maka rowa, tambayi dalili. Kuma ka kiyayi bakinka a kan bayin Allah. Maiƙo ana kwashe shi da ludayi, amma sunan da ka liƙa wa mutum, da shi za a kai shi kabari. Allah ya sa mu cikin masu riƙon amana.