Gizo da Awartakin Maƙeri Cindo

Ga ta nan, ga ta nanku, jikokina.

Ta zo mu ji ta, Kaka.

A wani gari an yi wani tsohon maƙeri, sunansa Cindo. Ba shi da mata, ba shi da ɗa, sai kayan ƙirar da ya gada, musamman awartakin da ubansa ya ƙera da hannunsa. Kullum in ya tashi daga aiki sai ya goge su, ya shafe su da man kaɗe, ya rataye su nesa da laima.

Da damina ta sauka, ciwo ya kwantar da shi. Ya kira maƙwabcinsa Gizo, ya ce, "Ga tulun mai. Don Allah ka riƙa shafa musu, kada tsatsa ta ci su."

Gizo ya ce, "Haba Baba, an gama!"

An ba kura ajiyar nama ke nan. Gizo ya zuba man a dafaffen wake ya cinye, ya yayyafa wa ƙarafan ruwa. Cindo ya leƙo daga ɗaki, ya hango suna ƙyalli, ya ce, "Allah ya yi maka albarka."

Ƙadangaren maƙerar ya ce, "Gizo, ai ruwa ne wannan!"

Gizo ya miƙa masa ɗan man ya ce, "Lasa nan ka ji." Ƙadangare ya lasa, ya ja bakinsa ya yi shiru.

Washegari Gizo ya ci man da rogo, ya yayyafa ruwa. Awartaki ya ce, "Gizo, gaɓoɓina suna ciwo." Gizo ya ce, "Sanyin damina ne."

Ya sake ci da dambu. Awartaki ya so ya kira Cindo, amma bakinsa ya ƙi buɗuwa.

Da kaka ta yi, Cindo ya miƙe da sanda ya shiga maƙera. Wayyo! Masabar dukan ƙarfe ta yi jawur da tsatsa, haƙoran magagari sun zube. Gizo kuwa ya shige rufin ɗaki. Tsoho ya ɗauki awartaki ya ce, "Abokina, ni ne." Ya so ya buɗe shi, ya kasa. Ya ja da sauran ƙarfinsa, ɓas! awartakin ya karye gida biyu.

Ya zauna a ƙasa, ya rungume gutsattsarin yana kuka kamar ranar da ya rufe ubansa. Bai ƙara hura wuta a maƙerar nan ba har ya koma ga Allah. Ƙadangare kuwa har yau yana gyaɗa kai don nadama.

To kun ji, yara. Ƙarfe mai yake so, ba ruwa ba. Kuma wanda ya ga ana cin amana ya yi shiru, da shi aka ci.

Ƙungurus kan kusu, kowa ya nufi shimfiɗarsa.