Makullin Motar Malam Hashimu

Kai mai igiya a kunne, cire ta. Ke ma ajiye wayar nan tun ban ajiye miki ita a randa ba. Ku yaran yanzu Allah ya ba ku kunnuwa kun cushe su da kiɗa, babba na magana kuna gyaɗa kai kamar ƙadangaru, ba abin da ya shiga. To yau sai kun ji, kuma ba mai tashi sai ya ba ni amsa.

A wani ƙauye da ke kan tudu, can inda kwalta ba ta kai ba, an yi wani direba, Malam Hashimu. Yana da tsohuwar babbar mota mai bodin katako, ita ke kai albasar garin kasuwa. Gwaggo ake kiranta, don tun daga tashi har sauka mita take yi. Shekara talatin yana jan ta, ba ta taɓa yasar da shi a daji ba. Ba asiri ba ne. Ran Juma'a ba ta fita ko da wa ya zo roƙo. Buhu yake shimfiɗawa ya shiga ƙarƙashinta ya bi ta gaɓa-gaɓa. A ƙarƙashin kujera yana da akwatin sifanu, da waigi, wato guntun itacen ƙirya da ake tokare taya da shi. Yakan ce, "Mota ba ta kisa sai ta yi kashedi."

Da ya rasu aka raba gado. Mota ta faɗa hannun babban ɗansa, Tanimu. Nomau, mai bi masa, ya sami gona da shanun huɗa biyu. Tabawa, ƙanwarsu mai sayar da garin barkono, ita da autansu Ilu aka ba su gida. Ilu shi ya tashi a ƙarƙashin motar tare da uban, don haka ya zauna yana yi wa yayansa gyara.

Abin da Tanimu ya fara yi, ya fitar da akwatin sifanu ya dasa lasifika a gurbinsa. Waigi ya ƙare a murhu. Juma'a ta zama ranar lodi. Gwaggo ta shiga kashedi, kiɗa ya danne muryarta. Lagireto ya fara yoyo, Tanimu ya riƙa ƙara ruwa. Famfon mai ya riƙa shaƙar iska, ya riƙa ƙwanƙwasa shi da dutse. Birkin hannu ya saki. Daga baya makulli ma ya daina tayar da ita, sai ya koma ajiye ta a kan gangara, in zai tafi ya sake ta ta gangaro ta kama.

"Yaya, Gwaggo fa kuka take," in ji Ilu. "Ka ba ni ita kwana biyu rak."

"Kukan me? Motar da ke tafiya lafiyarta ƙalau. Kai dai tsoho ne a rigar yaro."

Wata Juma'a Ilu ya ɓoye makulli. Tanimu ya same shi a bakin masallaci ya kwashe shi da mari a gaban jama'a. Ilu ya dafe kunci ya rantse da Allah hannunsa ba zai ƙara taɓa motar nan ba. Ya koma fadama gyaran injin ban-ruwa.

Ranar wata kasuwa, cikin zafin bazara, da hantsi, an gama loda albasar Nomau a gangaren gonarsa. Tabawa ta hau da buhun barkononta. Tanimu ya ga ruwa na ɗiga, ya tura wani ɗan dutse da ƙafa a gaban taya, ya kutsa ƙasa zai ɗaure tiyo da roba. Ya ji wani ƙas! Dutsen ne ya fashe. Ya yunƙura zai fito, tayar baya ta bi ta kan ƙafarsa ta dama. Motar ta gangara ta nutse a yashin busasshen rafi, ta tsaya.

Bai suma ba, kuma da ya suma da ya fi masa sauƙi. Yana kallo Tabawa ta dira ta yage ɗankwalinta ta ɗaure masa cinya. Ƙashi a waje, jini na bin ƙasa. Asibiti tafiyar awa biyu ce. Babura duk sun tafi kasuwa, waya ba ta shiga garin. Abin hawa ɗaya ne, ga shi can a yashi, kuma a yashi babu gangara.

Ihu ya kawo Ilu daga fadama. Ya tsaya ya dubi motar, ya dubi yayansa.

"Ilu," in ji Tanimu, "rantsuwarka..."

"Zan yi kaffara daga baya. Rufe bakinka, Yaya, kana ɓata numfashi."

Nomau ya nufi motar. Ya hau bodi ya watsar da albasarsa ta shekara guda a yashi, buhu bayan buhu. Ya kawo shanunsa ya ɗaura su a gaban mota. Suka ja, suka durƙusa, suka sake ja, har ta fito kan tsandauri. Amma fitowa ba tashi ba ce, sai an ja ta da gudu. Nomau, wanda bai taɓa ɗora wa dabbobin nan sanda ba, ya zane su har suka zabura. Ilu ya saki kuloci, inji ya kama, motar ta yi tsalle ta daki babban san ta karya masa ƙafafun baya. Saura wata guda damina ta sauka. Nomau ya kwance igiya, ya miƙa wa wani maƙwabci wuƙa, bai tsaya ganin yankan ba. Aka sa Tanimu a bodi, Nomau ya hau ya ɗora kan yayansa a cinya.

Ba wanda ya kunna kiɗa. A kwance a kan katako, karon farko cikin shekara huɗu, Tanimu ya ji muryar Gwaggo. Ya ji tari, ya ji shaƙuwa, ya ji wani siririn fito. Duk ya san su, duk an gaya masa.

Sun ci rabin hanya fiton ya zama tururi. Lagireto ya tafasa, ruwan jarka ya ƙare tun a baya. Abin da ya rage buta biyu ne, waɗanda Tabawa ke jiƙa wa Tanimu leɓe da su.

"Ruwa, Tabawa. Don Allah ruwa."

"Yaya, ko kai ka sha ko Gwaggo ta sha. In ka sha, nan za mu binne ka."

Ta tuna ubansu na zuba garin barkono a lagireto ya toshe yoyo. Sai dai murfin ba ya buɗuwa lafiya sai ya huce, jini kuwa ba ya jira, kuma in aka kashe inji babu shanun da za su sake ja. Ilu ya kai hannu, ta buge shi. "Naka na tuƙi ne." Ta naɗe nata da gefen zane ta murɗa. Tururi da tafasasshen ruwa suka wanke mata hannu har gwiwa. Ba ta yi ƙara ba sai da ta zuba barkono, ta juye butocin biyu, ta rufe. Sannan ta zauna a ƙasa ta yi.

Suna hango rufin kwanon birni daga kan tudu na ƙarshe, inji ya yi tari uku ya mutu. Famfo ya shaƙi iska. Nomau ya tokare taya da wani ƙaton dutse, ya kuma sa kafaɗa. Da akwatin sifanu na nan, aikin minti biyar ne. Ilu ya ɗaga kujera don sabo, lasifika ya gani. Ya yanke tiyon mai da wuƙa, ya kafa baki ya zuƙa. Iska. Ya sake zuƙa, iska. A ta biyar dizal ya taho da ƙarfi ya wuce masa maƙogwaro ya sauka a ƙirji. Ya faɗi yana kakari, idanu jajur. Haka ya tashi ya haɗa tiyon, ya hau, aka janye dutse, ta gangaro ta kama. Ya sauko da motar da birkinta ya kusa ƙarewa daga kan tudun nan da giya kaɗai, yana amai a kan sitiyari, har ƙofar asibiti.

Likita ya ce da sun ƙara rabin awa da gawa suka kawo.

Tanimu ya rayu. Ƙafar ce ba ta dawo gida ba, an yanke ta daga saman gwiwa. Mutumin da ya hana mota hutun yini ɗaya a mako, shi ne yau zaune a gindin darbejiya kullum ta Allah, da sanduna biyu a gefe. Duk motar da ta wuce yana iya gaya maka ciwonta daga kukanta. Kunnen ya buɗe, amma babu ƙafar taka totur. Wanda bai ji bari ba, ai ya ji hoho.

Su ma ukun ba su fita haka ba. Nomau ya yi daminar bana da fartanya, rabin gonar ya zama saura. Yatsun Tabawa uku sun ƙandare, ba ta iya riƙe taɓarya, mai sana'ar daka kuwa da taɓarya take ci. Ilu ya yi kaffararsa, amma tari ya zauna masa a ƙirji, ko jarka ba ya ɗauka sai ya tsaya ya huta.

Bayan sallar Juma'a Tanimu ya tara su gaban dattawa, ya ajiye makulli a kan tabarma. Ya ce ba za a sayar da motar ubansu ba, ba kuma za a yi tarayya a kanta ba, don motar mutum uku ba ta da mai shiga ƙarƙashinta. Mutum ɗaya za a ba, ya ja ta ko ya sa a ja masa, ya ci abinci da ita. Dattawa suka yi ta kai da kawowa har la'asar, makulli na nan inda yake.

Ba don shanun Nomau ba, da ba ta tashi ba. Ba don hannun Tabawa ba, da ta ƙone a rabin hanya. Ba don ƙirjin Ilu ba, da Tanimu ya cika yana kallon birni daga nesa. To, ku masu kunnuwa, tunda yau kun cire igiyar: Nomau, Tabawa ko Ilu, wa zai ɗauki makullin nan?