Hannun da Ya Zana Kuɗin Farko

Akwai wani mutum da kowa ke kira Mai Zane, saboda an san shi ne ya zana takardar kuɗin farko da ƙasarsu ta buga bayan samun 'yancin kai. A jikin takardar akwai ƙofa a buɗe rabi, da hannuwa biyu suna dasa itace, da rana tana fitowa.

Amma bawan Allahn nan ko da'ira ba ya iya zanawa sai ya kifa kofi.

Matarsa ce ta yi zanen. Lokacin da aka sa gasar, ma'aikatan maɗaba'ar gwamnati kaɗai aka yarda su shiga, shi kuwa akawu ne a can. Ta zana a kan teburin ɗinkinta cikin kwana tara, shi ya sa sunansa, da alkawarin in an ci zai faɗi gaskiya. Aka kuwa ci. Aka ba shi gida, aka ƙara masa girma, aka sa hotonsa a littafin 'yan makaranta.

Da farko ya ce mata ta bari hayaniyar ta lafa. Daga baya ya roƙe ta ta daina zane gaba ɗaya, kada wani ya gane hannunta. Ta tattara fensiranta ta zuba a gwangwanin maɓallai. Sai dai in baƙi suka yi sallama suna neman Mai Zane, takan ce masa a hankali, na ɗaurawa suke nema ko na takarda, don duka biyun nata ne. Bai taɓa dariya ba.

Shekara ashirin ya yi cikin wannan kurkuku. Duk wanda ya miƙo masa takarda, sai ya ce hannunsa na rawa. Taron masu zane ba ya zuwa. Ko 'yarsa ta kawo aikin makaranta, sai ya tuna yana da uzuri a waje.

Ana nan sai aka kafa kwamitin bikin cikar takardar shekara ashirin. Shugabar kwamitin, wata tsohuwar malamar makaranta, ta sanar da shi za a ba shi lambar yabo, kuma shi zai zana sabuwar takardar tunawa. Layin farko ma a gaban jama'a zai ja shi.

Ya je wurin likita neman shaidar ciwon hannu, likita ya ce hannun ya fi nasa lafiya. Ya nemi a ɗaga bikin, aka ce an riga an buga katin gayyata. Ya dawo gida ya tsaya a bakin ɗakin ɗinki, ya roƙi matarsa ta sake rufa masa asiri.

Ba ta ɗago daga keken ba. "Maigida, na yi maka shiru shekara ashirin. Ba ni da wasu ashirin ɗin da zan ƙara maka."

Ranar bikin aka kafa masa farar takarda a kan allo, aka miƙa masa fensir. Zauren ya cika, 'ya'yansa na layin gaba. Kafin ya fara, shugabar ta roƙe shi ya gaya wa matasa dalilin barin ƙofar a buɗe rabi. Ya saba cewa alamar karɓar baƙi ce. Ran nan kalmar ta ƙi fita.

Ya ajiye fensirin. "Ban sani ba. Ba ni na zana ba. Ga wadda ta zana can."

Aka riƙo hannun matarsa aka hau da ita kan dandamali. Ta ce ƙofar ɗakin mahaifiyarta ce. Mahaifinta ya fita lokacin gwagwarmayar neman 'yanci bai dawo ba, tsohuwar kuma ba ta ƙara rufe ƙofar duka ba har ta rasu. Ta zana ta ne don duk gidan da ke jiran wani. Tsofaffi da yawa suka sunkuyar da kai.

Ita aka rataya wa lambar. Shi kuwa aka yi masa ritaya, aka cire hotonsa daga littafi, unguwa ta koma kiransa Mijin Mai Zane. 'Ya'yansa suka yi wata guda daga gaisuwa ba sa ƙara komai.

Bayan mako ɗaya shugabar ta kawo mata takarda da fensira har gida. Matar ta ɗauki takardar ta matsa jikin taga, ta kai ta kusa da fuska, ta jima, sannan ta ajiye. Ta ce idon ya tafi, shekara uku ke nan da lalube take saka zare a allura. Mijin yana tsaye a bakin ƙofa, ran nan ya fara jin wannan maganar.

Ta waiwayo. "Da shekara biyar baya ka faɗa, da na zana musu."

Darasi: Ƙarya tana ɗaure mai yin ta, ta ɗaure wanda aka danne wa haƙƙi. In akwai yabon wani a hannunka, mayar masa tun yana iya cin moriyarsa. Ku tura wa 'yan'uwa da abokai, wataƙila wani ya samu ƙarfin halin faɗar tasa gaskiyar yau.