Sunan Yankan Wawan Sarki

An yi wani sarki a ƙasar Tudun Baure, mai son raha, yana da wawa a fadarsa wanda kowa ke kira Burtu. Tun yana saurayi yake ba fada dariya har furfura ta rufe shi, kuma cikin dabarunsa akwai shigowa da fuskar baƙin ciki ya shirga ƙarya, ya ce gemunsa ya yi yaji.

Wata safiya ya shigo ba hula, ya zube, ya ce, "Allah ya ba ka nasara, matata Tabawa ta rasu, da hantsi za a kai ta." Fadawa suka tuntsire da dariya. Ya sake faɗa hawaye na zuba, aka ce yau Burtu ya ƙure basira. Sarki ya jefa masa goro. Mutumin ya dubi goron a ƙasa, ya tashi ya fita. Maƙwabta ne suka sallace ta, kuma har aka share makoki ko ɗan aike bai zo daga fada ba. Kada wani ya ce kuskure ne. Gidan a bayan katangar fada yake, leƙe ɗaya ya isa a san gaskiya, ba a leƙa ba.

Da gaskiya ta bayyana, sarki ya aika masa da riga da doki, ya mayar cikin ladabi. Aka ce za a aura masa wata, ya ce Tabawa ba akuya ba ce da za a musanya.

Sarki ya kira Waziri Isyaku, ya ce, "Wane haƙƙi ne wannan da talaka ke nema wurin sarki, wanda babu shi a taska? Ka warware mini."

Waziri ya ce, "Ranka ya daɗe, kafin in amsa, a taimake ni da sunansa na yanka."

Sarki ya dubi fadawa, fadawa suka dubi ƙasa.

Waziri ya ce, "Ni ma ban sani ba. An yanka masa rago kamar yadda aka yanka mana, amma wanda ba mu san sunansa ba, ina za mu gane kukansa? Kyauta ta wawa ce. Mutum kuwa ta'aziyya ake zuwa yi masa."

Sarki ya taka da ƙafarsa har gidan, ya tuɓe takalmi, ya zauna a tabarma, ya ce, "Na zo gaisuwa, amma ban san sunan wanda zan yi wa ba."

Tsohon ya ce, "Ɗayyabu, ranka ya daɗe. Tun rasuwar mahaifina ban ji shi a bakin kowa ba. Tabawa kunya ba ta barin ta faɗa, Malam take ce mini. Ita kaɗai ce a garin nan ba ta taɓa ce mini Burtu ba."

Sarki ya ce, "Malam Ɗayyabu, ya haƙuri? Allah ya jiƙan Tabawa. Ka yafe mana, ka dawo fada."

Ya ce, "Amin, na yafe. Ban taɓa jin kunyar sana'ata ba, da ita na ci na sha. Amma na ɗauka kun san akwai mutum a cikin rigar wawan. Ba zan koma ba."

Bai koma ba har ya mutu. Sarki ya yafa wa Waziri alkyabba, ya kuma kafa doka cewa duk wanda ya kawo kuka fada, a fara tambayar sunansa, a kira shi da shi. Doka ce mai kyau, sai dai ba ta raka Tabawa kabari ba.

Adalci daga sanin mai kuka yake farawa, kuma adalcin da ya makara, rabinsa zalunci ne.