Wutar Gidan Kandjii da Sunayen da Suka Tafi

Akwai wani saurayi mai suna Tjizu, ɗan wani ƙauye kusa da Okakarara a Namibiya. Ya daɗe a Turai yana aiki a wata cibiyar bincike, inda masana ke ƙoƙarin haɗe ƙwayoyin zarra su ba da wuta kamar yadda rana ke yi.

Da ya dawo gida hutu, zama ya gagare shi. Kullum waya a hannu, yana bin takardun komawa.

Mahaifinsa, tsoho Kandjii, shi ke riƙe da wutar gidan, wadda ba a barin ta ta mutu. Kowace safiya yayar Tjizu, Vemuna, takan ɗauko garwashi daga ɗaki ta kai murhun da ke gaban garke. Sai tsoho ya zauna ya jero sunayen kakanni ɗaya bayan ɗaya. Ba a rubuta su. Daga bakin uba ɗa ke karɓa, a gaban wutar.

"Tjizu, gobe ka zauna kusa da ni," in ji tsoho. "Numfashina ya fara gajarta."

"To Baba, sai na dawo daga Windhoek."

A ransa kuwa cewa ya yi, mutumin da ke aiki da wutar da ta fi rana kanta zafi, shi za a zaunar gaban ƙirare?

Da hantsi ya tarar da Vemuna tana kaɗa nono a cikin gora.

"Bature, an tashi?" ta ce. "Zo ka faɗa mini abin da ya hana ka gida shekara da shekaru."

Nan bakinsa ya buɗe. Ya ce tauraro ma haifarsa ake yi, daga ƙura da iska. Nauyinsa ke matse ƙwayoyin cikinsa har su haɗe, haɗuwar ce haskensa. Ya ce mu a duniya tsaga ƙwayar muka fi iyawa, da yuraniyom ɗin da ake haƙowa a hamadarmu.

"In abincin tauraron ya ƙare fa?" ta tambaya.

"Babba in zai mutu fashewa yake, ya watsar da duk abin da ya ƙera a rayuwarsa. Da shi ake gina sababbin taurari. Ƙarfen da ke jininki ma, Yaya, daga can ya zo."

Vemuna ta tsayar da gorar.

"Ka ga shi ya yi sa'a, ya sami masu kwasa. Namu na cikin ɗaki yana ta neman wanda zai miƙa wa."

Tjizu ya yi dariya. "Yaya ke nan! Kwana nawa ne? Yanzu zan dawo."

Ya tafi Windhoek, babban birnin ƙasar. Takardu suka ja, abokai suka riƙe shi, shi ma bai yi gaggawa ba. Ranar da ya dawo da izinin tafiya a aljihu, ya tarar da mutane cike da gida. Tsoho ya faɗi a garke. Yana raye, amma harshe ya tafi.

Washegari aka ɗauko shi a kujera zuwa murhu. Dangi suka zuba wa Tjizu ido. Ya durƙusa, ya faɗi sunan kakansa, ya faɗi na uban kakan. Iya nan ya sani.

Daga baya, inda mata ke zama, Vemuna ta raɗo masa waɗanda kunnenta ya tsinta tana hura wuta. Ita ma ta kai inda ta tsaya.

Tjizu ya dubi mahaifinsa. Leɓɓan tsohon na motsi, yana ci gaba da jerowa, amma ba sauti. Ya kai kunne dab da bakin.

"Baba, sake faɗa. Don Allah sake faɗa."

Ɗumin numfashi kawai ya ji a kuncinsa.

Darasi: Ilimin da ka je nema nesa zai jira ka, amma tsohon gidanku ba zai jira ba. In ya ce zo ka zauna, ajiye wayar ka zauna yau. Ku tura wa duk wanda iyayensa ke da rai.