Abin da Ya Sa Baki Yake Hayaƙi da Sanyin Safiya

Dalilin da ya sa bakin mutum yake fitar da hayaƙi idan ɗari ya sauka, alhali babu wuta a cikinsa, shi zan gaya muku. Ku matso kusa da murhu kafin kunun ya nuna. Kai Sagiru, cire ƙafarka daga toka. Na ji ka jiya kana cewa malaminku ya ce tururi ne. To wa ya ce ba tururi ba ne? Ni ban shiga aji ba, amma na san duk abin da ya fita daga jikin mutum akwai inda yake zuwa. Ka tambaye shi wa yake shanye shi.

A zamanin da, bakin kowa ba ya hayaƙi. Sanyi kuma ba ya shiga gida da ƙafarsa, sai dai iskarsa. Ɗari yana nan, amma a fadama yake zama, can ƙasan gari inda ake lambu. Masu lambun da suka yi sammako sukan hango shi: dogon tsoho ne siriri, babu riga babu mayafi, girarsa fara kamar an barbaɗa gishiri. Ba ya zagi, ba ya gudu. Inda duk ya taka, ciyawar wurin takan kwanta kamar an zuba mata tafasasshen ruwa.

Abincinsa hayaƙi ne. Saboda haka kowane mai lambu yana da murhu a bakin shingensa. Kafin rana ta fito zai zuba ƙaiƙayi da busasshen kashin shanu, ya yayyafa ruwa kaɗan don kada ya kama da harshe, ya bar shi yana turnuƙewa. Ɗari ya zo ya tsuguna, ya sha ya ƙoshi, ya bar albasa da alkama da gauta lafiya. Ƙananan dashe kuwa a rufa musu zana da yamma, a yaye da hantsi. Shinge shi ne iyaka. Bai taɓa tsallake shi ba, su ma ba su taɓa barinsa da yunwa ba.

To akwai wani mai lambu ana ce masa Shekarau, matarsa Yalwa. Mutum ne mai aiki, amma ba ya iya haɗiye gori. Yalwa kuwa wabi take yi: ta haifa, a binne, ta haifa, a binne. Da ta sake samun 'ya mace, sai aka sa mata Ayashe, ko mutuwa za ta raina ta ta wuce.

Shekarar da aka haifi yarinyar nan aka yi ɗarin da tsofaffi ba su taɓa gani ba. Ruwan randa yakan yi fata a sama, sai an fasa da ludayi. Tsuntsaye suna faɗowa daga bishiya ƙafafu a dunƙule. Itace ya yi wuya, don kowa ya kwashe na kusa, na nesa kuma babu mai iya zuwa.

Ga Yalwa tana jego. Kun san mai jego sai an tafasa mata ruwa safe da yamma, a hura mata wuta a ƙarƙashin gadon ƙasa, a dama mata kunun kanwa. Itacen duk wannan a wuyan miji yake. Wadda ta zo yi mata wanka kuwa ƙanwar uwarta ce, Iya Dudu, mace mai baki kamar aska.

Ranar da itacen Shekarau ya ƙare, Iya Dudu ta tsaya a tsakar gida, ta ɗaga murya yadda maƙwabta za su ji.

"Oh ni Dudu! Yau na ga gidan da ake jego da ruwan ɗumi kamar na alwalar tsoho. A gidanmu dai ko bara aka aura wa 'ya, ya san itacen jego."

Yalwa ta ce daga ɗaki, "Iya, ki yi haƙuri, ɗarin ne ya yi yawa."

"Ɗari bai hana shi cin tuwo ba ai."

Shekarau ya sa hularsa ya sauka fadama, ya kwaso ƙaiƙayin da ya tanada don murhun lambu. Aka ƙona, ya ƙare. Ya kwaso kashin shanun. Ya ƙare. Ya naɗo zanar da yake rufe dashe. Yalwa ta gane ta da ganin laka a gefenta.

"Maigida, wannan ba ta lambu ba ce?"

"Ta lambu ce."

"To shi mutumin fadamar fa, me za ka ba shi?"

"Ya jira. Shi ba jego yake ba."

Daga ƙarshe ya tumɓuke shingen kansa, itace bayan itace, ya ɗauro shi gida. Iya Dudu ta yi guɗa ta ce yanzu ta ga namiji. Ku riƙe wannan: wanda ya ƙona shingensa don ya rufe bakin mutane, ya buɗe ƙofar da ba zai iya rufewa ba.

Wata safiya Shekarau ya ce bari ya je ya ga abin da ya rage a lambu. Ya tarar da albasa duk ta kwanta, baƙa wuluk. A bakin murhun da ya mutu kuwa ga tsohon nan a tsugune, yana tona tokar da dogon yatsa.

"Barka da asuba, mai lambu," in ji Ɗari. "Ina karin kumallona?"

Abin da suka ce wa juna bayan wannan babu wanda ya ji.

Sai da rana ta take sannan Shekarau ya shigo gida. Ya yi sallama, ya zauna bakin murhu. Wutar da take ci sosai sai ta yi ƙasa, ta koma shuɗiya. Aka kawo masa kunu, ya riƙe ƙwaryar bai sha ba, da Yalwa ta karɓa sai ta ji kunun ya yi sanyi ƙalau. Kowa a gidan haƙoransa suna kaɗawa, shi kaɗai yake zaune da riga ɗaya ko gezau.

"Maigida, ka yafa bargo mana."

"Bar shi," ya ce. "Ni na daina jin sanyi."

Iya Dudu ta ce, "Jarumi ke nan." Amma awakin gidan, da suka saba binsa don dusa, suka koma bayan rumbu suka cure wuri ɗaya. Yalwa ta lura. Ta lura kuma ya daina ɗaukar jaririyar. Sai dai ya tsaya a bakin ƙofa ya leƙa ta, hannayensa a baya.

Daga ranar Ɗari da kansa ya hauro gari. Kowace safiya akan ga sawu fari a kan hanyar fadama, dogo, babu takalmi. Yau ya tsaya a gindin tsamiya. Gobe a bakin rijiya. Jibi a ƙofar zauren Shekarau. Hayaƙin da aka hana shi ne yake bi, ga shi kuma babu shingen da zai ce masa tsaya.

Ran nan gari ya fara haske, Iya Dudu ta sauke tukunyar wanka a bayan ɗaki, ta koma ɗauko ganyen runhu. Yalwa tana tsugune ita kaɗai, sai ta ga tururin tukunyar ba sama yake yi ba. Ya kwanta, yana tafiya a miƙe kamar zaren da ake ja, yana shiga wata kafa a jikin danga. Ta sa yatsa a ruwan da aka sauke yana tafasa yanzun nan. Sanyi kamar na rijiya.

Dangar ta buɗe ba tare da ƙara ba. Ɗari ya shigo, ya tsuguna, ya lashe leɓe.

"Sannu da jego," ya ce.

Yalwa ta ja zane ta rufe jikinta. Ta amsa, don ba a ƙin amsa gaisuwar tsoho. "Yauwa, Baba. Sannu da zuwa."

"An ci mini abinci a gidan nan."

"An ci, Baba. Ba za mu yi musu ba."

"Na sha na tukunya, bai kai mini ko'ina ba." Ya juya kai wajen ɗakin, ya shaƙi iska. "Akwai wani ɗan garwashi a can ciki. Sabo ne. Ina jin ɗuminsa tun daga fadama."

Daidai nan Ayashe ta yi ɗan kuka.

Ku ji nan, mace da ta binne 'ya'ya ba ta da sauran abin tsoro. Yalwa ta miƙe ta tare hanya, ta matso har fuskarta ta kusa taɓa tasa, ta ce masa, "Ba za ka shiga ba!" Jikinta kuwa ya daɗe yana shan ruwan zafi da kunun kanwa. Da maganar ta fito, sai wani farin abu ya biyo ta daga bakin, ya bugi fuskar tsohon.

Ya lumshe ido. Ya haɗiye.

"Wannan," ya ce, "ya fi ƙaiƙayi."

Ya miƙo hannu zai kama wuyanta ya zuƙe duka. Yalwa ba ta ja baya ba. Ita 'yar masu kiwo ce, ta san lissafin dabba.

"Baba, wanda ya yanka saniya ya ci nama kwana biyu. Wanda ya tatse ta ya sha nono har ya tsufa. In ka shanye ni yau, ka shanye 'yata gobe, ka bi gari gida gida, baɗi wa za ka samu?"

Hannun ya tsaya.

"Faɗi," ya ce.

"Duk lokacin da ka sauka, kowane mai rai zai ba ka kaɗan daga bakinsa da safe. Babba da yaro, mai kuɗi da talaka, har akuya da jaki. Ka sha na waje, ka bar mana garwashin ciki. Mu kuma za mu mayar da shinge, mu ci gaba da yi maka hayaƙi a lambu."

"Na yarda."

"Saura ɗaya, Baba. Maigidana. Tun da ya dawo daga wurinka ba daidai yake ba. Ka sake shi."

Tsohon ya dube ta, ba da mugunta ba. Ya ce, "Gobe da safe ki duba bakin kowa. Wanda ya biya ni, naki ne. Wanda bai biya ba, ba yau na karɓe shi ba." Ya fita ta inda ya shigo. Iya Dudu ta dawo da ganye tana faɗan wa ya bar ruwa ya huce.

Washegari gari ya tashi da hayaniya. Wannan ya buɗe baki zai yi gaisuwa, sai hayaƙi. Wancan ya yi dariya, sai hayaƙi. Yara suna guje-guje suna hura wa juna. Iya Dudu tana salati, salatin ma yana hayaƙi.

Yalwa ba ta kula kowa ba. Ta fito da Ayashe tsakar gida, ta ɗaga gefen zanen da ta rufe ta. Ta jira. Can sai ga wani ɗan siririn zare fari yana fita daga hancin yarinyar. Ta durƙusa a wurin, ta manna ta a ƙirji.

Sai ta ji muryar mijinta a bayanta.

"Kun tashi lafiya?"

Ta juyo. Shekarau yana tsaye da rigarsa ɗaya. Bakinsa ya buɗe, maganar ta fito, babu abin da ya biyo ta.

"Maigida," ta ce a hankali, "sake faɗa."

"Na ce kun tashi lafiya?"

Babu komai. Ya dubi bakinta, ya dubi na Iya Dudu, ya dubi hancin awaki. Ya kawo tafin hannunsa gaban baki ya hura. Ya sake hurawa da ƙarfi.

"Ashe tun ranar da muka gamu a lambu ne," ya ce.

Ya matso ya leƙa fuskar 'yarsa, hannayensa a baya kamar kullum. Ya ga zaren nan fari yana fita yana komawa. Ya gyaɗa kai. Ya ce wa Yalwa, "A mayar da shingen kafin yamma." Sannan ya fita ya kama hanyar fadama.

Da hantsi maza suka bi shi. Suka same shi kwance a bakin mataccen murhun lambunsa, farin abu ya rufe shi har gira, jikinsa ya sandare kamar itace. Duk wanda ya gan shi ya san ba a ranar ya mutu ba. Iya Dudu kuwa, an ce har ta koma ga Allah ba ta sake yi wa kowa gorin itace ba. Ayashe ta rayu, ta yi jikoki.

Shi ya sa har yau, da ɗari ya sauka, bakin kowane mai rai yake hayaƙi da safe: rabon tsohon fadama ne muke bayarwa don ya bar mana na ciki. Shi ya sa kuma a gidan nan ba a taɓa ƙaiƙayin lambu, ba a ƙona zanar dashe, ba a cire ko tsinke daga shinge, ko da za mu kwana da tuwon sanyi. Wanda ya yi, zai gamu da ni kafin ya gamu da Ɗari.

To, ku miƙe. Kowa ya zo gabana ya hura in gani. Sagiru. Yauwa. Hindatu, cire mayafin daga bakinki. Yauwa, kin biya. Ku sha kunu ku je ku yaye wa albasa zana, rana ta fito.

Me kika ce, Hindatu? Ina nawa hayaƙin? Ga shi nan, buɗe idonki da kyau. Siriri ne, na sani, na daɗe ina biya. Amma ranar da kuka ga na fito ina muku faɗa babu hayaƙi a bakina, kada ku tsaya gaishe ni. Ku je ku duba ɗakina.